Bulowar esin mota mai aiki yau ta ƙi gobe: yadda na bi ta har aka gano ciwon

Wanda fankar esin motarsa ta mutu murus ba shi da babbar matsala. Ya kai wa mai lantarkin mota, a bi waya da mita, a ga inda wuta ta tsaya, shi ke nan. Mai wahala shi ne wanda tasa ke aiki yau ta ƙi gobe, ko ta ɗauke ta kuma dawo don kanta ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Irin wannan ce ta same ni. Na sha yawo a kanta, an cire mini kayan da lafiyarsu ƙalau an sa sababbi, kafin na faɗa hannun wanda ya san kan abin. Fankar da nake nufi ita ce wadda masu gyara ke kira bulowa, mai hura iska zuwa cikin mota ta ƙofofin dashbod. A yawancin motoci tana ta gefen fasinja, bayan akwatin nan da ake ajiye takardu. Ba ruwanta da fankar gaba da ke sanyaya lagireto.

Motata tsohuwa ce, mai makunnin murɗawa daga 1 zuwa 4. Abin ya faro ne a hankali. Da safe in na tayar da mota, sai iska ta yi ɗan jinkiri kafin ta fito, wani lokacin da wata 'yar ƙara siririya daga wajen ƙafar fasinja. Daga nan ta fara ɗaukewa gaba ɗaya. Fitilar maɓallin esi na kunne, ƙofofin iska tsit, ko na kai makunnin ƙarshe. Sai in yi tafiya mai nisa a haka, gilas a ƙasa, kwatsam taya ta faɗa rami, sai ka ji fuuu, iska ta dawo da ƙarfinta. Zafi dai ana jure shi. Abin da ya sa na ɗauki maganar da gaske shi ne wani dare da ruwan sama ya tare ni a hanya, gilashin gaba ya yi hazo ta ciki, na murɗa iska zuwa gilas, ba ko motsi. Da tsumma na riƙa gogewa da hannu ɗaya, ɗayan na kan sitiyari. Bulowar da ke sanyaya ka da rana ita ce ke share maka gilas in ana ruwa, saboda haka gyaranta ya wuce maganar jin daɗi.

Wurin farko da na nufa wajen mai gyaran esi ne. Na tarar da layi, na zauna jira har rana ta take. Da aka zo kaina ya murɗa makunni, bulowa ta tashi lafiya lau. Na yi masa bayani cewa ba sanyi ne ke raguwa ba, iskar ce ke ɗaukewa ɗungurungum. Ya gyaɗa kai, ya buɗe bonet, ya maƙala agogunansa biyu, shuɗi da ja, ya ce, "Yallaɓai, gas ɗinka ya ɗan yi ƙasa. In gas ya yi ƙasa komai na iya faruwa. Mu ƙara, ka gwada." Aka ƙara, na biya kuɗin gas da na aiki, washegari ta ƙi tashi. Gas ɗin esi, ko R134a na tsofaffin motoci ko R1234yf na sababbi, aikinsa sanyaya iska ne kawai. In ya yi ƙasa sosai, na'urar da ke auna matsinsa takan hana kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin, tashi, sai iska ta riƙa fitowa da ɗumi, amma tana fitowa. Bulowa kuwa moto ne na lantarki mai aiki da volt 12, bai ma san akwai gas a motar ba. Duk ranar da iska ta ƙi fita kuma ba ka jin ƙarar fanka, aikin na mai lantarki ne.

Na biyu wani matashin mai lantarkin mota ne, mai zafin nama, yana aiki a kan motoci da yawa lokaci guda. Nan ma da isata bulowa na aiki. Ya buɗe akwatin fiyus, ya zaro babban fiyus mai amfiya 40, ya ɗaga sama ya duba, ya ce lafiya. Sai ya zaro rile, ya girgiza shi kusa da kunne, ya ce shi ne. Yaronsa ya sayo sabo, ya cusa, ya kunna, iska ta fito, ya ce an gama. To ai dama tana fitowa kafin ya taɓa. Ban ga laifinsa da ya zargi rile ba, domin rile na iya yin haka: a cikinsa akwai ƙarafuna biyu da ke haɗewa in an kunna, in bakinsu ya ƙone sai su riƙa kamawa suna saki. Sai dai gwada shi ba ya bukatar saye. A akwatin fiyus sau da yawa akwai wani rile mai lamba ɗaya da shi, na hon ko na fitila; a musanya su, a ga ko matsalar ta bi shi. Fiyus kuwa ko ya ƙone ko bai ƙone ba. Abin dubawa a wajensa ƙafafunsa ne da ramin da suke shiga, ko sun yi baƙi ko sun yi sako-sako.

Ba a jima ba ta sake ɗaukewa, na koma. Wannan karon ya ce rizista ce, wato abin da ke rage wa fanka gudu, ita ce ke yawan lalacewa. Ba ta kusa, sai an yo oda. Na ba da kafin alƙalami, na jira har na fara tunanin an manta da ni, sannan ya kira. Ya kwanta ƙarƙashin dashbod, ya zaro tsohuwar daga cikin bututun iska, ya sa sabuwa. Na karɓi tsohuwar na jefa a but. Bayan wannan aikin bulowa ta daɗe ba ta yi gardama ba, har na fara ba mutane labarin an gano ciwon. Ashe ba gyara aka yi ba, girgiza aka yi. Garin cire rizista an ja wayoyi, an bugi jikin moton da gwiwar hannu, abin da ya maƙale ya ɗan saku. Tarkon irin wannan matsala ke nan: duk abin da aka canja a wajen, sai ta yi kamar ta warke. Ranar da ta dawo da halinta, har da wani warin roba mai ɗumi da ya taso daga ƙasan dashbod. Na koma, ya ce to saura makunnin kansa, a canja allon gaba ɗaya, kuma kuɗinsa ya fi duk abin da na kashe a baya. Na ce bari in yi shawara. Raina a ɓace na bar wurin, ba don kuɗin kaɗai ba, sai don na lura kaya ake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma har yanzu ba wanda ya ga matsalar da idonsa.

Daga nan na daina kai motar ko'ina, na koma lura da ita. Duk sanda ta ɗauke sai in kashe rediyo in saurara. In na murɗa makunni ina jin ɗan "ƙas" na rile, amma fanka shiru. Na kuma gane halin nata iri biyu ne. Mafi yawa tashi ne ke gagarar ta, in an kashe mota an dawo. Wani lokacin kuma, in ta daɗe a kan 4, sai gudunta ya riƙa raguwa har ta tsaya, ta dawo bayan ta huce. Rami ko rufe ƙofar fasinja da ƙarfi na tayar da ita. Wata rana ƙanena na zaune a gaba, ya miƙe ƙafa takalminsa ya bugi ƙasan dashbod, nan take ta tashi. Duk na rubuta su a waya.

Wani abokin aikina ne ya tura ni wajen wani dattijon mai lantarki, ya ce ba ya sauri amma ba ya lalube. Na je, bulowa na aiki kamar kullum in an zo gaban mai gyara. Bai ko buɗe motar ba. Ya ba ni benci, ya ce in karanta masa abin da na rubuta. Da na gama ya ce, "Malam, in ta mutu, har a kan 4 take mutuwa?" Na ce, "Har 4, Baba." Ya ce, "To me rizista ta yi aka cire ta?" Sai ya jawo kwali ya zana mini hanyar wutar. Daga batir zuwa fiyus, daga fiyus zuwa rile, daga rile zuwa moto. Daga moto kuma wutar na neman hanyar komawa jikin mota, wato at. A kan 1 da 2 da 3 makunni na tilasta mata bi ta rizista, wadda ke rage mata ƙarfi, shi ya sa fanka ke juyawa a hankali. A kan 4 an kauce wa rizista, hanya ta miƙe. Saboda haka alamar mutuwar rizista sananniya ce: fanka ta ƙi aiki a ƙananan lambobi, ta yi a ta ƙarshe kaɗai. Wadda ke mutuwa a duka huɗun, a nemi ciwonta a abin da suka yi tarayya a kai: fiyus, rile, wayar at, soket, ko moton kansa. Ya ce, "Yanzu in na sa mita komai zai nuna lafiya, domin lafiyar ce a yanzu. Ka tafi. Ranar da ta ɗauke, kada ka kashe mota, kada ka buga ƙofa. Ka lallaɓo ta, ka kawo mini ita a mace." Bai karɓi komai a hannuna ba ranar.

Jiran nan ya fi kowanne ban haushi. A da fata nake ta yi aiki, yanzu jira nake ta lalace, ita kuwa ta ƙi. In ta ɗauke, ko dare ne ya tashi daga aiki, ko ina hanya wani tudu ya tayar da ita kafin in isa. Ranar da aka dace, na tuƙo a hankali ina kauce wa kowane rami, na baya suna ta danna mini hon. Da isata ya buɗe ƙofar fasinja sannu, ya kwashe takardun akwatin, ya matse gefunansa biyu ya sauko da shi, ya cire murfin ƙasa. Ga moton nan, baƙi, zagayayye, da soket mai wayoyi biyu masu kauri a jikinsa. Ya nuna mini wasu wayoyi masu rigar ruwan ɗorawa da suka wuce ta sama, ya ce na jakar iska ta haɗari ne, ba a soka musu komai.

Bai zare soket ba. Ya ɗauko fitilar gwajinsa, kwan fitilar mota ne da ya ɗaura wa wayoyi biyu masu allura a baki, ya soka alluran ta bayan soket, ɗaya a kowace waya, inji na aiki, makunni a kan 4. Kwan ya kama tar. Na tambaye shi me ya sa bai fara da mita ba. Ya ce mita ba ta jan wuta. Ko silin waya ɗaya ya rage a haɗe za ta nuna maka volt 12 ka ɗauka lafiya, alhali in an ɗora nauyi wutar ba za ta wuce ba. Kwan fitila na jan wuta, in hanya ta yi rauni sai ya yi ja-ja ko ya ƙi kamawa. Hasken nan kaɗai ya wanke fiyus da rile da wayar at a lokaci guda, har da allon da aka so in saya. Sai ya riƙe soket da yatsu biyu don kada ya motsa, ya ɗan ƙwanƙwasa jikin moton da ƙotar sukudireba, ba da ƙarfi ba. Fanka ta yi tari, ta tashi. Ya dube ni ya ce, "Ka ga ramin da ke gyara maka ita."

Na ɗauka an gama, shi kuwa bai gamsu ba, saboda maganar raguwar gudu da warin roba. Ya bar ta tana aiki. Ya auna kan batir, volt 14 da 'yar ɗoriya, daidai da abin da ake sa rai in inji na aiki. Ya auna bayan soket, bambancin bai kai rabin volt ba, wato wayoyin motar lafiya. Ya maƙala mita mai baki, mai auna yawan wutar da ake ja, a kan waya ɗaya, lambar ta haura amfiya 20 tana tsalle sama da ƙasa. Can ya ce in taɓa soket ɗin. Ban iya barin yatsana a kai ba. Ya kashe mota, ya cire kan batir na negatif, ya zare soket da ƙyar, domin robar ta fara narkewa ta manne. Ɗaya daga cikin ramukansa biyu ya koma ruwan ƙasa, gefensa ya lanƙwashe, ƙarfen da ke ciki ya yi baƙi ya buɗe baki, ba ya damƙe ƙafar moto sai dai ya jingina da ita. Ɗayan ramin fes.

Sukurori uku suka riƙe moton. Da ya sauko da shi, busassun ganye da ƙura suka zubo a kafet. Fankar kanta roba ce zagayayya, da siraran fukafukai kewaye, duk sun yi dauɗa. Ya juya ta da yatsa, ta yi rabin zagaye ta tsaya cak. Ya buɗe bayan moton ya nuna mini kabon guda biyu, waɗanda sifirin ke turawa su goga kan tagullar da ke juyawa, ta nan wuta ke shiga. Ɗaya ya cinye har sifirin ɗinsa ya kusa miƙewa, ba sauran ƙarfin turawa. Tagullar ta yi baƙi, ta yi kwari a tsakiya inda kabon ya daɗe yana ci. In moton ya tsaya a daidai inda kabon bai taɓa sosai ba, ba zai tashi ba sai an girgiza shi. Sannan ya zaro filtar iska da ke saman bulowar. Ta toshe har ta lotsa, gefenta ya buɗe, ta nan ganyen suka bi. Ya ɗaga ta a rana, haske bai ratsa ba.

Nan ya haɗa mini zancen daga tushe. Filta ta toshe, iska ta ragu, makunni ya koma zama a kan 4 kullum don a ji sanyi. Moto da rizista duk da iskar da ke wucewa suke hucewa, shi ya sa ma aka dasa rizistar cikin bututun. Bushin da sandar moton ke juyawa a ciki ya bushe, sai moton ya riƙa jan wuta fiye da ƙa'ida, kuma wutar nan duk ta ƙaramin bakin soket take bi. Ƙarfen ya yi zafi ya saki, da ya saki haɗuwar ta yi rauni, da ta yi rauni zafin ya daɗu. Ya yi mini lissafi a kan kwalinsa: in volt 1.5 kacal ya ɓace a bakin soket ana jan amfiya 15, wat 22 da rabi ke nan ke zama zafi, fiye da kwan fitilar birki mai wat 21, a cikin robar da ba ta wuce kan yatsa ba. Fiyus kuma ba zai ce uffan ba, domin wutar ba ta kai amfiya 40 ba. Wato ciwo biyu ne a wuri ɗaya: kabon ke hana ta tashi, soket ke rage mata gudu in ya yi zafi. Da an canja moto an bar soket, ƙonannen bakin zai ci ƙafar sabon. Da an canja soket an bar moto, sabon soket ɗin ma zai narke.

Sai maganar saye. Ya ba ni zaɓi bai matsa mini ba. A sa sabon kabon a goge tagulla a sa wa bushi mai, shi ne mafi araha, amma da kwarin nan bai ba ni tabbacin zai daɗe ba. Ko a nemo na hannu, sai dai ba wanda ya san saura nawa a kabon ɗinsa in ba an buɗe ba. Ko sabo. Na zaɓi sabo, tare da soket mai guntun wayoyinsa da filta. Mai kayan gyara ya aiko da shi a kwali, ga shi nan sak a ido. Dattijon ya ajiye shi gefen tsohon, ya duba fukafukan, ya ce a mayar. Na mota mai sitiyari a ɗaya gefen ne, fukafukansa sun karkata ta ɗaya ɓangaren, ko ya shiga ƙara zai yi ta yi, iska kaɗan. Mai kaya ya so ya yi gardama, amma da yake mun yi da shi tun farko cewa in bai dace ba zai karɓa, ya karɓa. Aka ɗauki lambar da ke jikin tsohon moton da lambar jikin mota mai harufa da alƙaluma 17, aka yo oda da su. Na kwana biyu ina yawo ba bulowa har kayan suka iso.

Ɗaurawar ba ta ɗau lokaci ba, amma na lura da hannunsa. Ya fara share cikin gidan fankar. A jikin fukafukan sabon akwai wasu ƙananan ƙarafuna a maƙale, ya ce ba a cire su, su ke daidaita nauyinta don kada ta yi rawa. Ya yanke ƙonannen soket har sai da ya kai inda tagullar waya ke sheƙi, ya haɗa sabon da matsi, ya rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, ba murɗe-murɗe da tef ba. Ya sa filta yana bin kibiyar da ke gefenta. Da aka mayar da kan batir aka kunna, tun a kan 1 na ji iskar da na manta motar na iya fitarwa. Mita ta tsaya kusa da amfiya 14 a kan 4 ba tsalle, aka bar ta tana aiki har muka gama lissafi, soket ɗumi kawai. Na ɗauko tsohuwar rizista daga but, ya auna, ya ce lafiyarta ƙalau, in ajiye. Da na tara kuɗin gas da rile da rizista da ladan ayyukan baya, ya kusa kai kuɗin moton da ya kamata a saya tun farko.

Ga wanda ya samu kansa a irin wannan, ka lura kafin ka kai ko'ina, domin mai gyara ba zai ga abin da ka gani ba. In ta ɗauke, ka bi lambobin makunni duka, ka saurari rile, ka ɗauki bidiyo in da hali. Wadda ke kamawa tana saki in ka jijjiga makunni, makunnin ake tuhuma. Wadda bugu ke tayarwa, moto ne ko soket ɗinsa, kuma a raba su biyun kamar yadda dattijon ya yi. Wadda ke dawowa bayan ta huce, a nemi inda ke zafi. Ka nemi a gwada ta a mace, soket a jone, kuma kafin ka amince a sayi wani abu ka tambayi mai gyara wane awo ne ya nuna masa. In amsar "shi ne ke yawan lalacewa" ce, to zato ne, kuma da kuɗinka ake yin sa. Kada kuma ka yarda a sa fiyus da ya fi wanda aka rubuta a murfin akwati girma, ko a naɗa silin waya a madadinsa, ko a jawo waya kai tsaye daga batir zuwa moto. Iska za ta fito, amma ranar da waya ta goge ta taɓa jiki, ita ce za ta ƙone a bayan dashbod.

Akwai wata matsala mai kama da wannan da dattijon ya ja hankalina a kai. In kana doguwar tafiya iska ta riƙa raguwa sannu a hankali, amma kana jin fanka na gudu a ciki, ba bulowa ba ce. Mai yiwuwa ƙanƙara ce ta daskare a kan ƙarfen da ke sanyaya iska ta toshe hanya. Ka kashe maɓallin esi ka bar fanka na aiki. In bayan 'yan mintuna iska ta dawo, ruwa ya zuba da yawa ƙarƙashin mota, to wannan kam aikin mai esi ne. Masu motocin da ke daidaita sanyi da kansu kuma su sani tasu ba rizista irin tawa ba ce, wani ɗan akwatin lantarki ne mai tiransista da ke sarrafa gudun fanka. Shi in ya lalace yana iya kashe fanka a kowane gudu, ko ya bar ta a guje, wani lokacin har bayan an zare makulli. Ya fi rizista tsada, kuma tsohon moto mai jan wuta na iya ƙone sabo, saboda haka kafin a ɗaura shi a sa mita a kan wayar moto a ga amfiya nawa yake ja.